Bulo Mai Alamar Yatsa

Ina zaune a ƙofar ɗaki da hantsi, faifan shinkafa a cinyata ina tsince tsakuwa, sai waya ta yi ƙara. 'Yar yayana ce daga Tokoin, wata unguwa a nan Lome. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce, "Tanti, Papa ya tafi. Yanzun nan, a asibiti." Na ce mata to, Allah ya ba mu haƙuri. Na ajiye wayar na ci gaba da tsince shinkafar har na gama, don hannuna bai san wani abin da zai yi ba. Sai da na miƙe zan zuba ta a tukunya idona ya faɗa kan babban yatsana na dama. Na tsaya ina kallonsa. A nan ne hawaye suka zo.

Yaran yanzu Zongo ɗaya suka sani, wannan da muke ciki a arewacin gari, inda ƙarar zemijan, baburan haya, ba ta barin mutum ya ji sallamar maƙwabcinsa. Ni a tsohon Zongo aka haife ni, wanda yake tsakiyar Lome, kusa da tafki, inda in iska ta juyo sai ka ji gishirin teku a leɓenka. Can kunne ne agogonmu. Kiran asuba daga masallatai uku, ɗaya na bin ɗaya. Sai kukan jirgin ƙasa. Sai taɓarya ta fara sauka a turmi gida-gida, matan ƙabilar Mina masu kifi su shigo lungu suna kiran ciniki da harshensu, iyayenmu na mayar musu da Hausa, kuma ciniki ya faɗa. Lungunanmu matsattsu ne, in mai itace ya shigo sai kowa ya manne da bango, amma ban taɓa jin wani ya ce wurin ya yi masa kaɗan ba.

Mu Kirista ne, 'yan ƙalilan a tsakiyar Musulmi. Iyayenmu daga kudancin ƙasar Zazzau suka biyo aikin tashar jiragen ruwa, wasu daga arewacin Gana, wasu daga arewacin Togo. Harsunan gida daban-daban ne, Hausa ce ta haɗa mu, da ita muke sujada. Babanmu ya rasu ina ƙarama, ya bar Inna da mu biyu, ni da Yaya. Mai yi mana wa'azi wani tsoho ne siriri mai gyaran keke, Baba Malam muke ce masa. A rumfarsa muke taruwa ranar Lahadi, a ture kekunan mutane gefe, a shimfiɗa tabarmi a kan ƙasar da ta sha baƙin mai. Ƙararrawarmu ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a darbejiya. Baba Malam ba ya yarda a buga shi sai ya kasa kunne ya tabbata ba a kiran salla. Maƙwabcinsa Alhaji mai goro kullum sai ya tsokane shi: "Malamin Lahadi, ku dai kun huta, sau ɗaya a mako!" Shi kuma ya ce, "Alhaji, ai namu mai tsawo ne, in ka zauna sau ɗaya sai ƙafarka ta yi sanyi."

Wannan Alhajin ne wata rana ya nuna wa Baba Malam wani ɗan fili a bayan gidansa, inda ake zubar da ganyen da aka kwance daga huhun goro, ya ce, "Ku share ku yi ɗakinku, ku daina shafa wa matanku baƙin mai a zane."

Ban san yadda zan kwatanta murnar da muka yi ba. Ina da wajen shekara goma sha bakwai, Yaya ya girme ni da biyar, ya gama koyon aikin birkila ke nan a hannun wani ɗan ƙabilar Ewe. Shi aka danƙa wa ginin. Tun daga ranar ya zama wani mutum daban, tafiyarsa ma ta sauya. Ya zana ɗakin a ƙasa da tsinke, ya share, ya sake zanawa, har kaji suka gaji da shi. Mu mata aikinmu yashi. Kowace Asabar da sassafe sai mu naɗa gammo, mu ɗauki daro, mu yi layi zuwa bakin teku, mu ratsa ta kasuwa muna waƙar yabo, masu shaguna na leƙowa. Dawowa ce wuya, yashi mai laima na ɗiga a wuya, amma ko sau biyar za mu je babu mai cewa ta gaji. Iya mai koko, wata gwauruwa Musulma da ke bakin lungunmu, takan tare mu da ludayi: "Ku zo ku sha, 'yan aljannar Lahadi, kada ku mutu kafin ku shiga!" Yaya bai yarda a taɓa yashin nan da nan ba. Ya ce yashin teku gishiri gare shi, yana cin siminti, sai an bar shi ya sha ruwan damina guda. Haka muka tara shi tsibi, muna kallon ruwa na wanke shi, muna ƙirga kwanaki kamar masu jiran haihuwa.

Da aka fara buga bulo, Yaya ya kawo wata al'ada da ban taɓa gani a wani wuri ba. Duk bulon da ya fito daga ƙarfen bugawa, kafin ya sha iska, sai ɗaya daga cikinmu ya danna masa babban yatsa a gefe. Tsofaffi, mata, har jarirai an kama musu hannu an danna. Ya ce yana so bangon ya san masu shi. Na Inna ba ya ɓacewa, don wuƙa ta taɓa raba mata yatsan tana yarinya, alamarta sai ta fito da tsaga a tsakiya. Abu ɗaya ne ya ɓata wa Yaya rai. Siminti bai ishe mu ba, dattawa suka ce duk a zuba shi a bulo, a ɗora ginin da kwaɓin jar ƙasa, in Allah ya hore a yaɓe daga baya. Yaya ya ce wannan abin kunya ne ga birkila, in ubangidansa ya gani zai yi masa dariya. Ya yi fushi kwana biyu, a na uku ya kwaɓa ƙasar da kansa.

Bango ya fara tashi. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya wuce kaina. Ranar Lahadi muka daina zuwa rumfar keke, muna shiga cikin ginin da ba rufi, rana na dukanmu, muna waƙa kamar maƙogwaro zai tsage. Yaya in yana bisa katako da cokalin gini a hannu yakan ɗaga murya ya ce, "Ku miƙo bulo, Mulkin Allah muke ginawa!" Inna sai ta dafe ƙirji ta waiga hagu da dama. Zamanin jam'iyya ɗaya ne, mutum ba ya ambaton mulki a bainar jama'a sai ya duba wanda ke bayansa. Baba Malam kuwa murmushi yake yi, ya ce, "Ɗana, sannu da aiki. Amma ɗaki kake ginawa. Wancan Mai shi ne ke gina abinsa, mu 'yan miƙa bulo ne." Yaya ya ce, "Baba, ai duk ɗaya ne." Tsohon ya girgiza kai ya koma kan kekensa. A lokacin na ɗauka gardama ce irin ta maza, wadda ba ta hana cin tuwo.

Mun kai daidai saman taga, har Yaya ya fara zancen katakon rufi, sai mai shela ya zaga da ganga. Hukuma ta ce za a tashi Zongo gaba ɗaya, a mayar da mu can bayan gari, cikin daji. Bayan 'yan kwanaki wasu mutane suka zo da gwangwanin jan fenti suna shafa wa bangaye alama. Ba su tsallake masallaci ba, ba su tsallake namu ba. Unguwa ta rikice. Masu hali suka fara cire ƙofofi da kwanon rufi suna lodawa a mota. Marasa hali, irin su Iya mai koko da ɗakinta na laka, sai zama suka yi suna kallo, don laka ba ta ƙaura.

Wata rana da la'asar na kai wa Yaya abinci a wurin ginin. Na same shi yana kankare jan fentin da cokalinsa. Bai kalle ni ba ya ce, "Auta, ranar da katafila ta zo, a ciki za ta same ni. In za su rushe Mulkin Allah, su haɗa da ni. Kada ki gaya wa kowa." Na san Yaya, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Na kuma san zamanin. Wanda ya tsaya a gaban umarnin hukuma, in katafila ba ta taka shi ba, jandarmomi za su ɗauke shi, kuma ba a tambayar inda aka kai mutum. Na ajiye kwanon, ban bi ta gida ba, na wuce rumfar keke. Baba Malam na liƙe tayar wani, ya saurare ni har na gama bai ɗago ba. Sa'an nan ya ce, "Innarku ta sani?" Na ce a'a. Ya ce, "Bar ta haka. Je ki gida, 'yata, ki wanke fuskarki."

Ranar Lahadi, bayan waƙa, Baba Malam ya miƙe a tsakiyar ginin ya ce ya yi shawara da dattawa. Ba za mu jira katafila ba. Mu da kanmu za mu sauke bangon, bulo ɗaya-ɗaya, a raba wa gida bakwai na tsofaffi da gwauraye waɗanda ba su da abin da za su kafa a sabon wuri, ba tare da an tambayi inda suke fuskanta in za su yi addu'a ba. Yaya ya miƙe, jijiyar wuyansa a tashe.

"Baba, da hannunmu? Gidan Allah?"

"Ɗana, kai birkila ne, bari in tambaye ka da aikinka. Katakon nan da kake takawa in kana gini, shi ne ginin?"

"Ba shi ba ne."

"To coci haka yake. Abin takawa ne. Ginin shi ne Mulkin Allah, inda ake yin abin da yake so, a ciyar da mai yunwa, a rufa wa tsohuwa asiri. Wa ke kuka don an sauke katako?"

"Ai ba a sauke shi sai gini ya ƙare, Baba! In ka sauke shi yanzu, a kan me mutane za su tsaya? Watsewa za su yi."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ce, "Wannan gaskiya ce, kuma tana ba ni tsoro. Amma ba ƙona shi za mu yi ba, matsar da shi za mu yi zuwa wani bangon." Yaya ya ce, "Tsoron katafila ne kawai, a kira shi da sunansa." Ya fita. Ni ina zaune kusa da Inna, kaina a ƙasa.

Washegari abin da ya faru har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta yi sauƙi. Labari ya zaga lungu, kafin rana ta ɗaga wurin ya cika. Mahauta suka zo, masu ɗinki suka rufe shago suka zo, Alhaji mai goro ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya ce motar goronsa tana nan har a gama. Iya mai koko ta kawo tukunyarta gaba ɗaya, tana raba koko tana share ido da bakin mayafi. Yaya yana can gefe a kan ragowar yashi, ya rungume hannu, ba ya kallon kowa. Sai Alhaji ya ɗauko guduma ya ce bismillahi, ya kai wa bango duka, bulo ya rabe biyu ya faɗo. Ya ɗaga zai ƙara. Ban ga lokacin da Yaya ya taso ba, sai muryarsa na ji: "Alhaji! Don Allah ajiye! Goro ne da za ka fasa shi haka? Za ku ƙarar mini da bulo!" Jama'a suka fashe da dariya, Alhaji ya ce, "To maigida, nuna mana." Yaya ya hau katako, ya ce a watsa wa bangon ruwa. Ya zura cokalinsa cikin jar ƙasar nan da ya raina, ya ɗan murɗa, bulo ya taso lafiya lau, ko gefensa bai ɓantare ba. Da a ce da siminti aka ɗora shi, da ko ɗaya ba mu tsira da shi ba.

Muka yi layi tun daga bango har bakin titi inda mota take, bulo na bin hannu zuwa hannu, daga na mai hula zuwa na mai ɗankwali. Kowa ya karɓa sai ya juya ya duba yatsan da ke jiki. "Wannan na wa ne, kamar ƙafar agwagwa?" "Na mijinki ne!" Muka ɗauki waƙa, mahauta ba su san baitin ba suka riƙa amsawa da tafi. In aka kira salla sai layin ya tsaya, rabinsa ya tafi, mu mu zauna a inuwa mu jira su. Kwana uku muka yi. Yaya ne ya sauke kowane bulo da hannunsa, bai yi wa kowa magana ba in ba ta aiki ba. Ranar da katafila ta iso, fili ta tarar da ɗan tudun jar ƙasa. Babu abin da mutum zai zauna a cikinsa.

Daga baya na tambayi Baba Malam, "Don Yaya ka yi?" Ya ce, "Don shi na yi sauri. Amma ko ba shi, ina jin nan za mu ƙare."

Ba zan ɓoye ba, maganar Yaya ma ta tabbata. A sabon Zongo ƙarƙashin itace muka koma, jama'a suka ragu. Wasu suka tafi unguwar Hanoukopé, wasu Cacavéli, suka shiga manyan coci-coci masu sujada da Ewe da Faransanci, jikokinsu ba su iya addu'a da Hausa ba. Yaya bai biyo mu ba, ya kama ɗaki a Tokoin. Ya gina wa mutane coci da yawa, da siminti tun daga tushe, amma shi a bencin baya yake zama. Ranar jana'izar Baba Malam ya zo, ya tsaya daga nesa. Gidajen nan bakwai kuwa bai taɓa taka ko ɗaya ba. Yanzu kowane titi da cocinsa, da lasifika, da allo mai fitila, kowanne na cewa ƙofar Mulkin a wurinsa take. In na wuce sai in tuna gardamar mutanen nan biyu, kuma har yau ban iya raba musu ita ba.

Bana, kafin ruwa ya sauka, sai ga Yaya a kan zemijan da sandarsa. Ko zama bai yi ba ya ce, "Auta, kai ni in ga bulona." Na ɗauki mayafi. Muka fara da ɗakin Iya mai koko. Ita ta daɗe da rasuwa, jikarta ce a ciki. Gaba an yaɓe an yi fenti, amma bangon baya yana nan yadda aka ɗora shi. Yaya ya bi shi da tafin hannu, layi-layi, kamar mai karatu. Can ya tsaya. Alama ce mai tsaga a tsakiya. Ya sa babban yatsansa a cikin na Inna, ya daɗe bai cire ba. Jikar Iya ta ce, "Baba, mu duka a ɗakin nan aka haife mu. Kaka takan ce yatsun nan na masu yi mana gadi ne, ta hana a yaɓe su." Yaya ya share fuska da hularsa ya ce, "Ashe ana ta kwana a ciki."

A hanya ya ce mini, "Kada ki ɗauka na ce tsohon nan ya yi daidai. Tsoro ya ji." Ya yi 'yan taku, ya ƙara, "Amma bulon ya yi aiki." Maganar ta zo mini har baki: ba tsoron katafila ba ne, Yaya, kai ya tsaya wa, kuma ni ce na kai masa labarinka. Na haɗiye ta. Na ce a raina sai mun kai gida na bakwai, ya ga duka, sa'an nan in faɗa masa muna zaune.

Gida huɗu muka zaga ranar, yana dariya, yana gane yatsun mutanen da suka daɗe a ƙasa, yana kiran sunayensu. Ƙafarsa ta fara kumbura, hadari kuma ya haɗo daga wajen teku. Ya ce mu bari sai bayan damina.

Saura gida uku ba mu je ba, maganar kuma ban gaya masa ba.